Hukuncin zuwa Kanchipuram da sayen alharininsa

Tambaya: Malam, na kai mahaifiyata asibiti a Chennai ta ƙasar Indiya, kuma ina son in leƙa Kanchipuram, garin wuraren bautar Hindu da ya yi suna da saƙar alharini, domin in sayo wa iyali tsaraba. Shin ya halatta?

Amsa: Allah Ya ba mahaifiyarka lafiya. Zuwa garin don ciniki ko ganin gari halal ne, domin Manzon Allah (SAW) da sahabbansa sun yi saye da sayarwa da waɗanda ba Musulmi ba, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta yarje mana kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Shiga ɗakunan bautar ne ke buƙatar tsayawa. Malamai sun yi saɓani kan shiga wurin ibadar wasu addinai, amma mafi yawansu sun tsananta idan akwai gumaka, kuma Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ƙi shiga majami'u saboda surorin da ke cikinsu. Wuraren Kanchipuram, irin su Ekambareswarar da Kamakshi Amman, ana bauta a cikinsu kullum, har ma Kailasanathar da sarakunan Pallava suka gina tun wajen shekara ta 700 ba kufai ba ne. Abin da na rinjayar shi ne ka kalli ginin daga waje. Idan aka miƙo maka tokar da ake shafawa a goshi, ko abincin da aka riga aka gabatar wa abin bautarsu, ka ƙi karɓa cikin ladabi, ba tare da izgili ba, domin aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa. Ka kuma kauce wa ranakun bukukuwansu.

Alharinin kuwa ka saya wa mata, ko da an saƙa shi da zaren azurfa mai ruwan zinare kamar yadda masaƙan garin suka saba, domin an halatta musu alharini da zinare. Kai namiji haramun ne ka sa, sai abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Fataucinsa halal ne. Sai dai ka buɗe zanen tun a shago ka duba bakinsa, saboda wasu suna ɗauke da surar giwa ko dawisu. Wanda yake da surar abin bauta ka bar musu, mai surar dabba kuma gara ka musanya shi da mai fure.

Wallahu a'alamu.