Gane zambo a rubutun Chaucer

Tambaya: Malam, muna karanta gabatarwar Canterbury Tales ta Geoffrey Chaucer a jami'a. An ce mana zambo ce, amma ni yabo kawai nake gani. Ta yaya ake ganewa?

Amsa: Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ba kasafai yake zagi ƙiri-ƙiri ba. Abin da masu nazarin waƙoƙin baka ke kira zambo cikin yabo shi yake yi, don haka wanda ke jiran kalmar zagi zai gama littafin bai gan ta ba.

Fara da sanin aikin da aka ɗora wa kowane ɗaya daga cikin matafiyan da gabatarwar ke siffantawa. A Ingila ta wancan zamani ana kasa jama'a gida uku: masu addu'a, masu yaƙi, da masu aikin gona. Sai ka auna abin da ake yaba wa mutum da abin da ya wajaba a kansa. Ɗauki misalin ɗan zuhudun da ke cikin matafiyan: dokar Benedict, wato ƙa'idar rayuwar 'yan zuhudun Kirista, ta ce ya zauna a gidan ibada, ya yi addu'a da aiki. Chaucer kuwa sai ya yabe shi da dawakai, da karnukan farauta, da ƙararrawar linzamin da ke kaɗawa kamar ta coci, har mai ba da labarin ya ce ra'ayinsa daidai ne. Wannan amincewar ita ce tarkon.

Shugabar 'yan zuhudu mata ta fi wuyar kamawa. Tana kuka in ta ga ɓera a tarko, tana ciyar da 'yan karnukanta gasasshen nama da madara da farin burodi. Duba abin da ba a ambata ba: babu talaka ko ɗaya a cikin tausayin nata.

Ka kuma bi kalma ɗaya a wurare daban-daban. Kalmar da ke nufin "mai daraja" an faɗe ta a kan jarumin barde, an kuma faɗe ta a kan ɗan kasuwar da ke ɓoye bashin da ya yi masa katutu.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne, da zarar sun gano dabarar, sai su mai da kowane yabo habaici. Limamin ƙauyen da ke takawa da sanda cikin ruwa da tsawa don ziyartar mabiyansa, yabonsa na gaskiya ne, domin aikinsa da wa'azinsa sun zo ɗaya. Da shi ake auna sauran malaman cocin.