Tallar da Ake Biya a Shafin Binciken Google: Amsoshin Tambayoyin 'Yan Kasuwar Zariya

Tambayoyin wannan makon sun karkata ne ga tallar da ake biya domin ta fito a saman sakamakon bincike na Google, kuma na zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan sola a Sabon Gari. Yarona ya buɗe mini talla a Google Ads, kuɗi suna ta fita, allo yana nuna cewa mutane suna dannawa, amma babu wanda ya kira ni. Shin damfara ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ba damfara ba ce, sai dai akwai yiwuwar kana biyan kuɗin dannawar mutanen da ba su da niyyar sayen komai. A wannan tsari ba a cajin mai talla don an ga tallarsa, sai lokacin da aka danna ta, kuma duk sanda wani ya yi bincike ana yin gwanjo nan take tsakanin masu talla. Wanda ya fi sa kuɗi ba lallai ne ya yi nasara ba, domin ana haɗa tayinsa da ingancin tallarsa. Google na nuna makin inganci daga 1 zuwa 10 ga kowace kalma, kuma makin ya dogara ne a kan abubuwa uku: yadda ake sa ran mutane za su danna, dacewar tallar da abin da aka nema, da kuma kyawun shafin da mutum zai sauka a kai.

Inda kuɗinka suka fi zurarewa, a ganina, shi ne wajen zaɓen kalmomi. Idan aka rubuta kalma haka kawai ba tare da wata alama ba, Google na ɗaukar ta a buɗe, ya nuna tallar ga duk binciken da yake ganin yana da alaƙa da ita. Idan yaronka ya sa “solar” kaɗai, ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yana neman bayani don aikin makaranta zai iya ganin tallarka, haka ma mai neman aikin haɗa sola, kuma duk wanda ya danna kai za ka biya. Ka zauna da yaron ku buɗe rahoton da ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin tallar ta fito musu. Tun 2020 Google ya rage abin da yake nunawa a wannan rahoto saboda sirrin masu bincike, amma abin da ya rage ya isa ya nuna maka ɓarnar. Duk kalmar da ka ga ba ta mai saye ba ce, irin su “free”, “jobs”, “pdf” da “project”, ku zuba ta a jerin kalmomin hani domin tallar ta daina fitowa a kanta. Sannan ku ƙuntata kalmomin da kuke biya: jimlar da aka sa tsakanin alamun zance tana buƙatar binciken ya ƙunshi ma'anarta, wadda aka sa cikin baka mai kusurwa kuwa ta fi kowacce tsauri. Mai rubuta “solar inverter price in Zaria” ya fi kusa da aljihunsa fiye da mai rubuta “solar”.

Abu na biyu shi ne wuri. Saitin da Google ke zuwa da shi yana haɗa waɗanda ke cikin yankin da ka zaɓa da waɗanda suka nuna sha'awar yankin ko da suna Legas. Ga mai otal wannan yana da amfani, amma ga mai sayar da batir mai nauyi ba shi da shi. Ku mayar da shi kan waɗanda ke cikin yankin kawai, ku zana da'irar da ta kama iyakar inda kake iya kai kaya, misali daga Shika zuwa Ɗanmagaji. Ku duba kuma ko an bar alamar da ke ba tallar damar fita a shafukan wasu da manhajoji. Ga mai ƙaramin jari gara a cire ta. A ƙarshe ku sa lambar waya a jikin tallar, ku tsara ta ta riƙa fita a lokutan da akwai mai ɗaga wayar. Babu amfanin biyan dannawa da ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a alhali shago yana kulle kowa yana masallaci.

Tambaya: Malam, ina da cibiyar koyar da kwamfuta a Samaru. Na sa kasafin naira 5,000 a rana, amma wata rana na ga an ci kusan 9,000. Yaya aka yi haka?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ƙa'idar tsarin ce. Abin da kika sa matsakaicin kasafi ne na rana, kuma Google na iya kashe har ninki biyunsa a ranar da bincike ya yi yawa, ya rage a ranar da kasuwa ta yi sanyi. Iyakar da ba ya wucewa ita ce ta wata, wato kasafin rana sau 30.4. A lissafinki, rana ɗaya tana iya kaiwa naira 10,000, amma wata ba zai haura 152,000 ba, matuƙar ba ki riƙa canza kasafin a tsakiyar wata ba. Saboda haka ki fara da abin da za ki iya kashewa a wata, ki raba shi da 30.4, ki sa sakamakon. Ki kuma tuna da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da Google ke ɗorawa masu talla a Najeriya tun 2022, wanda a kan 152,000 ya kama 11,400. Tunda harkarki tana bin zangon karatu, ya fi kyau ki ɗaga kasafin a lokacin da ɗalibai suka dawo ko ake shirin jarrabawar JAMB, ki sauke shi idan an tafi hutu.

Tambaya: Zan iya rubuta tallar da Hausa, tunda abokan cinikina Hausawa ne?

Amsa: Hausa ba ta cikin jerin harsunan da Google Ads ke karɓa, don haka tallar da aka rubuta da ita zalla tana iya fuskantar ƙi. Ka rubuta da Turanci mai sauƙi, ka ambaci Zariya da unguwarka, ka bar Hausar ga hirar waya da WhatsApp inda ake ƙulla cinikin. Tsarin yanzu yana karɓar kanun talla har 15, kowanne haruffa 30, da bayanai 4 masu haruffa 90, sannan na'urar ta riƙa haɗa su da kanta. Ka tabbata kowane kai yana da ma'ana ko da an ɗauke shi shi kaɗai.

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Tudun Wada, ina kula wa wasu 'yan kasuwa da tallarsu. Kullum Google yana ba ni shawarar in buɗe kalmomi, in bar na'ura ta riƙa yin tayi, in koma Performance Max. Shin zamanin zaɓen kalmomi ya wuce ne?

Amsa: Ƙanena, alƙiblar da kamfanin ya fuskanta a bayyane take. Tsarin ya fara a 2000 da sunan AdWords, aka mayar da shi Google Ads a 2018, kuma tun daga nan ake ta rage abin da mai talla ke riƙewa da hannunsa. A 2021 aka janye nau'in kalmar da ake sa wa alamar tarawa, a ƙarshen shekarar aka buɗe Performance Max ga kowa, wanda ke baza talla ɗaya a shafin bincike da YouTube da Gmail da taswira. Daga 30 ga Yuni 2022 aka hana ƙirƙirar tsohuwar tallar rubutu da mutum ke tsara ta yadda yake so. A 2024 kuma aka fara sa talla cikin taƙaitattun amsoshin da ƙirƙirarriyar basira ke bayarwa a saman sakamako, inda aka fara da Amurka.

Duk da haka ban ga hikimar miƙa wa na'ura ragamar asusun ƙaramin ɗan kasuwa tun ranar farko ba. Tayin da na'ura ke yi yana koyo ne daga cinikin da aka nuna mata, kuma a Zariya yawancin ciniki yana ƙarewa ne a waya ko a cikin shago, inda ba ta gani. Idan ba ka saita mata abin da za ta ƙirga ba, kamar danna lambar waya, danna maɓallin WhatsApp ko cike fom, za ta yi ta tara maka dannawa mai araha tana nuna maka a matsayin nasara. Kamar ka tura dillali kasuwa ne ba ka faɗa masa irin dabbar da kake so ba. Ka fara saita ƙirgen, ta Google Ads kai tsaye ko ta Google Analytics 4, manhajar da ke ƙirga abin da masu shiga shafi ke yi, wadda ta maye gurbin tsohon Google Analytics tun 1 ga Yuli 2023. Ka bar tallar ta yi makonni da ƙuntatattun kalmomi har bayanai su taru, sannan ka gwada tayin na'ura a kamfe ɗaya, wato rukunin talla ɗaya, ka kwatanta da sauran.

Makin da ke shafin shawarwari, wanda ke tashi zuwa kashi 100, yana hawa ne idan ka karɓi shawara ko ka kore ta, don haka ba shaidar riba ba ne, kuma da yawa daga shawarwarin ƙarin kashe kuɗi suke nema. Ka shiga ka duba ko an kunna aiwatar da su kai tsaye ba tare da izininka ba, ka kashe waɗanda suka shafi kalmomi da tayi. Wajen ba masu shagunan rahoto kuwa, ka daina kai musu adadin dannawa. Ka roƙe su su riƙa tambayar duk sabon mai kira inda ya samu lambar, su rubuta a littafin shago, ƙarshen wata ku raba kuɗin da aka kashe da adadin waɗanda suka saya. Idan abin da aka kashe a kan mai saye ɗaya ya haura ribar da ake samu a kansa, ka dakatar da kalmomin da suka fi cin kuɗin kafin ka nemi a ƙara kasafi.