Tambayi Likitan Dabbobi: Wai da gaske kare yana yin yoga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Leeds, ƙasar Ingila, ina haya a gidan wata dattijuwar Baturiya mai kirki. Tana da tsohon kare, irin Labrador. Duk safiyar Asabar sai ta shimfiɗa tabarmar roba a falo ta yi ta lanƙwashe-lanƙwashe, karen na gefenta, wai yoga suke yi tare. Da na yi mata kukan ciwon baya saboda tsayuwar aikin dare, sai ta ce in zo mu riƙa yi. Abokan aikina kuma sun dame ni mu je wani aji da ake sako 'yan kwikwiyo ana motsa jiki a cikinsu. Don Allah karen yana ƙaruwa da wani abu, ko dai gata ne ya yi wa Turawa yawa? — H. A., Leeds

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da aikin dare. Kin haɗa abu biyu a tambaya guda, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba a wurina. Na uwar ɗakinki ba ni da ja a kansa. Na 'yan kwikwiyon kuwa, ki riƙe kuɗinki.

Abin da dattijuwar ke yi sunansa doga. Ita yoga asalinta daga Indiya ne, amma wannan reshe nata a Amurka ya tsiro, a farkon shekarun 2000, kuma wata mai koyar da yoga, Suzi Teitelman, ita aka fi dangantawa da fara shi. Daga can ya tsallako Ingila da sauran ƙasashe, har ta kai a watan Janairun 2016 an tara karnuka 270 da masu su a aji guda a Hong Kong, aka shiga kundin bajinta na Guinness. Ni dai ban yi wa likitan da ya yi tsaron wannan taro hassada ba.

Gaskiyar magana, kare ba ya yin yoga. Mutum ne ke yi, karen yana wurin. A ajin da aka tsara da hankali, mai karen yana zaune yana jan numfashi a hankali, hannunsa ɗaya a kan ƙirjin karen, ko yana yi masa tausa a wuya da kafaɗu da gindin kunne. In ya sunkuya, karen ya shige ƙarƙashinsa ko ya kwanta a bakin tabarmar. Wani karen zai sunsuna tabarmar ya yi tafiyarsa, wani kuma, to, kin san abin da aka ce game da kare mai sunsunar takalmi. Miƙa kuwa ba a koya masa ita. Ki lura da Labrador ɗin nan in ya tashi daga barci: zai miƙe ƙafafun gaba, ya kwantar da ƙirji ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama, ya yi hamma. Daga wannan miƙar tasa masu yoga suka kwaikwayi ɗaya daga cikin fitattun tsayuwarsu.

To me yake samu? Yana samun mai shi a zaune a ƙasa, babu waya a hannu, babu gaggawa, na tsawon rabin sa'a. Ga tsohon karen da ke wuni shi kaɗai a gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan sun wallafa a mujallar Science cewa in kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, wanda ke da hannu a shaƙuwar uwa da jariri, yana ƙaruwa a jikinsu su biyun. Ki lura, binciken kan kallo ne da zama tare, ba kan yoga ba. Akwai kuma wata fa'ida da ni a matsayina na likita na fi daraja ta: hannun da ke shafa kare kowane mako shi ke fara jin ƙullutu a ƙarƙashin fata, ko kaska, ko gaɓar da yake janyewa in an taɓa. Sau da yawa ana kawo mana ciwo ne bayan ya yi nisa, don ba wanda ya taɓa dabbar da kyau.

Inda nake ɓata rai shi ne wurin masu ɗaga kare sama kamar ƙarfen motsa jiki, ko su kama ƙafafunsa na baya su ja wai suna miƙar da shi. Labrador da ya manyanta yawanci yana fama da sanyin gaɓoɓi, musamman a ƙugu da gwiwar hannu. Masu dogon baya da gajerun ƙafafu irin Dachshund, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu yana saurin zamewa, lanƙwasa ɗaya ta ganganci tana iya kai su ga shanyewar ƙafa. Masu dannannen hanci irin Pug da Bulldog ko a zaune da ƙyar suke numfashi, balle a ɗaki mai ɗumi. Sannan wasu masu yoga suna son ƙamsasa ɗaki da mayukan tsirrai, alhali wasunsu, kamar man tea tree, guba ne ga kare.

Kare ba ya cewa ya gaji da baki, amma yana faɗa. In kika ga yana ta hamma ba barci yake ji ba, yana lasar leɓe, yana kau da kai har farin idonsa ya bayyana, ko yana haki alhali bai yi gudu ba, to ya ƙosa. In ya sandare jiki ya kwantar da kunnuwa, gurnani ne ke tafe, bayansa kuma cizo. Ƙa'idata guda ce: a bar ƙofa a buɗe, kada a sa masa igiya. In ya tashi ya fita, ya gama ajinsa na ranar.

Wannan ƙa'idar ce 'yan kwikwiyon abokan aikinki ba su da ita. Ana kwaso su ne daga wurin masu kiwo, a zube su a tsakiyar baƙi, kowa ya ɗauka ya yi hoto, wannan rukuni ya fita wani ya shigo. A 2023 gidan talabijin na ITV ya yi binciken ƙwaƙwaf a ƙasar Ingila inda kike, ya nuna azuzuwan da ake kawo kwikwiyo ɗan mako shida, ana hana su ruwa don kada su yi fitsari a tabarma, ana tashinsu daga barci don masu biyan kuɗi. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ta yi tir da abin. A 2024 ma'aikatar lafiya ta Italiya ta hana amfani da 'yan kwikwiyo a irin wannan aji, ta ce sai manyan karnuka. Kwikwiyo a wannan shekarun yana buƙatar barcin sa'a 18 zuwa 20 a rana, kuma bai kammala rigakafinsa ba, cutar parvo mai sa amai da gudawar jini tana iya kashe shi cikin kwanaki. Ke da kike jinya, kin san abin da ake nufi da jariri a hannun mutum ashirin.

Na san akwai tambayar da ba ki rubuta ba, ta yawun kare da tsarki. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne kare mai rai ba najasa ba ne, Shafi'iyya da Hambaliyya kuma sun tsananta. Fatawa ta malamai ce, haka ma batun asalin yoga a addinin Hindu. Amma bayanki ba ya buƙatar kare kafin ya samu sauƙi. Ki nemi tabarmarki daban, ki yi miƙe-miƙen baya da na cinya, ki roƙi dattijuwar ta riƙe karenta a ɓangarenta. In ciwon yana sauka ƙafa ko kina jin ta tana mutuwa, ki ga likitan mutane tukuna.

Tambaya: Likita, ina da kare mai gadi, Alsatian, a ɗaure yake wuni. Yarana sun ga ana wannan yoga da kare a TikTok, sun matsa sai sun gwada. In bar su? — Malam S., Kaduna

Amsa: Malam, kada ka bari. Karen da ya saba wuni a sarƙa, wanda aka horar ya tsani baƙon motsi, ba shi za a kwanta a gabansa fuska kusa da baki ba, balle yara. Karnukan da suke gani a waya tun suna ƙanana suka saba da hannu, kuma Ingila ba ta da ciwon haukan kare a karnukanta. Mu muna da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara ne kaso mai yawa.

Ka fara da allurar haukan kare, ana yin ta farko yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ka ba shi maganin tsutsar ciki, ka duba kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu. Sannan ka kwance shi, wani babba ya zaga da shi bayan asuba ko da yamma in ƙasa ta huce, domin kwaltar Kaduna a watan Afrilu tana ƙona tafin ƙafarsa. In kuma tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.