Ka fara da BASIC, Z80 zai jira

Malam, wato ka tono tsohuwar kwamfutarka Sakhr AX-170, samfurin MSX, a ɗakin ajiya a Jidda, kana tambaya ko ka fara koyon rubuta manhaja da BASIC, harshe mai sauƙi, ko ka faɗa wa harshen injin Z80, ƙwaƙwalwar na'urar, kai tsaye. BASIC, ba tantama. Yana cikin na'urar, ba sai ka nemo komai ba. Ka buga 10 PRINT "SALAM", 20 GOTO 10, sai RUN, ka ga allo ya cika. Gurbin da yake ba ka bai kai kilobait 30 ba, amma wallahi kafin ka cinye shi ka yi watanni. Ranar da ka rubuta ɗan wasa ka ga yana tafiyar hawainiya, ranar Z80 ta zo.

Sharaɗi ɗaya dai: kada ɗoki ya sa ka jona ta a bango. Karanta abin da aka rubuta a bayanta, wutar volt 110 take sha ko 220, don tsofaffin gidajen nan suna da layi biyu. Tawa da na saya a haraj, kasuwar gwanjo, hayaƙi ta yi min a daren farko, ɗakin ya kwana yana ƙauri. Kai taka wajen mai gyara ya duba, kafin nan ka riƙa gwaji da openMSX, manhajar da ke kwaikwayon irin wannan na'urar, a kwamfutarka ta zamani.