Amsa ga ƙanena a kan atisayen tirayatalon a ƙarshen hunturun Ingila

Ƙanena, na ga saƙonka na uku, inda ka ce ka samu gurbin karatu a Leeds, kana kuma son shiga gasar tirayatalon, wato iyo da tseren keke da gudu a jere, har kana tambayar yadda ake sauya atisaye idan hunturu ya fara janyewa. Ka fara cire kalandar Kano daga ranka, domin abin da ake kira bazara a nan bai haɗa komai da zafin Afrilun da ka sani ba.

Ranar watan Maris a Ingila mayaudariya ce. A shekarata ta biyu, bayan na kwashe wata uku ina tuƙa keken da aka girke a ɗaki, gumi yana ɗiga a kan tawul, sai na hango haske ta taga, na fita da sassafe na nufi Otley, wani gari kusa da Leeds. A wata kwana da inuwa ta rufe, ƙanƙarar da ido ba ya gani ta kwashe tayar gaba, na karye a kafaɗa, na yi mako shida ban taɓa keke ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, 'yan ƙungiyarmu sun san wannan kwanar sarai, amma sai da na faɗi kowa ya ce ai sananniya ce. Saboda haka ka bari sai hantsi ya ɗaga kafin ka hau titi, ka kula da ramukan da sanyi ya fasa, ka kuma wanke sarƙar keken duk lokacin da ka dawo, domin gishirin da ake watsawa a hanya yana cin ƙarfe.

A Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya, yamma ta yi tsawo, kowa ya ɗauki zumuɗi. Kada ka ninka nisanka a mako guda. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kana sauka daga keke ka zarce da gudun minti goma, har ƙafafu su saba, tun da gasar ma'aunin Olamfik iyon mita 1,500 ce, da keken kilomita 40, da gudun kilomita 10. A shekarun nan azumi yana faɗowa a wannan tsakani, ni kuwa gajeren gudu nake yi dab da magariba, in bar mai nauyi sai bayan tarawihi.

Gudunka ban damu da shi ba. Iyo ne matsalarka, kuma wanda muka koya a kududdufi ba zai fisshe ka ba. Iska takan yi ɗumi tun kafin ruwan tafki ya bar sanyi, kuma shigar farko tana ɗauke numfashi ko da kana sanye da rigar roba. Ka tsaya a wurin iyo na cikin gini har zuwa Mayu, sa'an nan ka shiga tafki inda akwai masu ceto. Da haka na kammala gasata ta farko, a Leeds, garin da ya fitar da Alistair Brownlee, wanda ya ci zinaren tirayatalon a gasar Olamfik ta 2012 da ta 2016.

Bizar ɗalibi ta hana ka zama ɗan wasa na sana'a, aikin da aka yarje maka kuma awa 20 ne a mako lokacin karatu, don haka ka lissafa kuɗin keke da rigar roba tun kafin ka baro gida, kuma kada ka sa ran zan ba ka aron nawa.