Yadda za ki taimaki ɗanki da lissafin gidaje tara

'Yar'uwa, kin ce an ba ɗanki ɗan aji huɗu aikin gida, ya jera lambobi 1 zuwa 9 a gidaje tara ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Shawarata ita ce kada ki rubuta masa amsar. Ki yanka takarda gida tara, ki rubuta lamba a kowace, domin ya riƙa matsar da su da hannunsa maimakon ya yi ta gogewa har littafin ya huje.

Ki fara sa shi ya tara lambobin duka, zai samu 45, idan kuma ya raba su ga layuka uku zai ga cewa kowane layi 15 yake nema. Daga nan sai ki tambaye shi wace lamba ta dace da tsakiya, har ya gano 5 da kansa, sannan 2, 4, 6 da 8 su hau kusurwoyi, sauran kuwa ba za su ba shi wahala ba. Irin wannan hatimi ne malamin Katsina, Muhammad al-Kashinawi, ya yi rubutu a kansa a 1732.