Amsa ga ɗan ƙanena kan gyaran ƙoƙon kan dabbar farauta

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce ka harbo barewa, kana so ka rataye ƙoƙon kanta da ƙahoninta a bango kamar yadda maharba ke yi, kuma abokanka sun ce ka jefa kan cikin tafasasshen ruwa, in nama ya zube ka kwarara masa bilic na wanki. Kana tambaya ko haka ake yi. Ba haka ake yi ba, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun ba ka ɗora tukunya ba, domin waɗannan abubuwa biyu su ne suka fi lalata ƙoƙon kai, kuma ɓarnarsu ba ta gyaruwa.

Maharbi yana ajiye kai ne don shi ne shaidar dabbar. A haƙora da ƙaho da ɗinkin ƙasusuwa ake karanta irinta da shekarunta. Kan da haƙoransa suka zube, hancinsa ya ragargaje, ya rasa abin da aka ajiye shi dominsa. Aikin hawa uku ne: a raba ƙashi da nama, a fitar da maiko, sannan a faranta. Mutane sun fi ɗokin na ukun, alhali na biyun shi ne aikin. Ƙashin da maiko bai fita daga cikinsa ba, ko ya yi fari fat yau, bayan wata biyu ko uku zai koma rawaya.

Kafin komai ka sa safar hannu ta roba. Ƙwaƙwalwa da yawu su ne mazaunin cutar haukan kare, musamman a masu cin nama irin su dila da kura, kuma kan mushen da ba ka san abin da ya kashe shi ba, kada ka taɓa. Ka tabbata kuma dabbar tana cikin waɗanda doka ta yarda a harba, ka adana takardar izininka. Idan wata rana za ka ketare iyakar ƙasa da kan, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato CITES ta 1973, ta shafi ƙasusuwa da ƙahonin dabbobi masu yawa.

Ka fara aiki tun kan yana ɗanye. Feɗe fatar da ƙaramar wuƙa, kana jan fata kana yanka ta gefenta, kada kaifi ya riƙa karta ƙashi, don kowane zane zai fito fili bayan an faranta. Cire idanu da harshe, ka yanke naman kumatu, ka raba muƙamuƙin ƙasa da na sama. A nan ka ɗauki hoton haƙoran da wayarka ta kowane gefe, za ka nemi hoton nan gaba. Ƙwaƙwalwa kuma ta kafar ƙeya ake fitar da ita, inda laka ke shiga. Lanƙwasa bakin waya mai ƙarfi, ka zura ka dama, ka zuba ruwa ka girgiza ka zubar, ka yi ta maimaitawa har ruwan ya fito garau. Ƙwaƙwalwa maiko ne da ita sosai, duk abin da ka bari zai narke ya shige ƙashi. Daga nan ka jiƙa kan a ruwan sanyi da gishiri, kamar cokali 2 babba a kowace lita, ya kwana ɗaya ko biyu kana sauya ruwa har ya daina ja. Jinin da zafi ya dafa a cikin ƙashi yakan bar tabo mai wuyar fita.

Sai maganar ƙaho, wadda a nan da yawa ke yin kuskure. Ƙahon barewa da gada da gwanki da ɓauna kamar kube yake a kan wuƙa: ɓawo ne irin na farce da kofato, ya lulluɓe wani ƙashi da ya tsiro daga goshi, kuma tsakaninsu akwai nama mai jini. In ba a zare ɓawon an wanke ba, naman nan zai ruɓe a ciki, ɗaki ya yi ta wari, ƙwari su taru. Ƙulle kan a baƙar leda da ɗan ruwa, ka ajiye a wuri mai ɗumi kwana 5 zuwa 10. Sai ka kama ƙaho ɗaya ka murɗa a hankali kana ja. In ya ƙi, mayar da shi leda, kada ka sa ƙarfi ko guduma. Da ya zare, ka yi alamar na dama da na hagu, ka wanke cikinsa da sabulu da buroshi, ka barbaɗa masa boraks, wani farin gari mai hana ƙwari, ya bushe a inuwa. Ƙashin da ya rage a goshi kuma ka datse shi da zarto, ka bar kamar rabinsa, iyakar abin da zai riƙe ƙaho, saboda cike yake da ƙananan ramuka masu ɓoye maiko. Barewar Turai da Amurka mai ƙaho mai rassa daban take: nata ƙashi ne zalla, ba ya zarewa, sai dai a naɗe gindinsa da leda a kare shi daga ruwa da magani don kada launinsa ya koɗe.

Wajen raba ƙashi da sauran nama, hanyar da na fi yarda da ita ita ce jiƙo. Sa kan a bokitin roba mai murfi, ruwa ya rufe shi, ba sabulu ba magani, domin ƙwayoyin bakteriya ne za su yi maka aikin, sabulu kuwa kashe su yake yi. Sun fi aiki idan ruwan yana tsakanin digiri 30 da 35 a ma'aunin Selshiyos. A irin wannan ɗumi kan barewa yakan tsarkaka cikin mako 2 zuwa 3, a sanyi kuwa sai ya kai watanni, har wani farin abu mai kama da kakin zuma ya manne a ƙashi, wanda sai an kankare shi da buroshi. Duk bayan kwana 4 ko 5 ka zubar da rabin ruwan ka ƙara sabo, kada ka zubar duka, don kada ka kori masu aikin. Kuma ta rariya za ka riƙa zubarwa, domin haƙora suna zubewa su kwanta a gindin bokiti. Warin yana da tsanani ƙwarai, ka kai bokitin nesa da gida da maƙwabta, ka danne murfin da dutse saboda karnuka. Ladan wahalar shi ne siraran ƙasusuwan nan na cikin hanci, masu naɗe-naɗe, za su fito lafiya lau, kuma da su masana ke gane kan da aka gyara da kyau.

In ba ka da wurin jiƙo, to ka dafa, amma kada ruwa ya tafasa. Digiri 70 zuwa 80 ya isa, wato lokacin da tururi ke tashi, ƙananan kumfa na fitowa daga gindin tukunya, ruwan bai fara juyawa ba. Tafasa tana narkar da kitse ta tura shi can cikin ƙashi, tana tsaga haƙora, tana kwance ɗinkin ƙoƙo, musamman na ƙaramar dabbar da ƙasusuwanta ba su gama haɗewa ba. Zuba ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, da sodar wanki cokali 1 babba a lita 4. In ka wuce haka ƙashin zai yi gautsi ya riƙa gari. Duk bayan minti 20 ko 30 ka ciro, ka kankare abin da ya yi laushi da wuƙa marar kaifi da hantsaki, ka mayar. Kan barewa bai kamata ya wuce awa 2 a kan wuta ba. Kwashe kitsen da ke tasowa kafin ka ciro kan, don kada ya sake shafarsa. Kada kuma ka tsoma shi a ruwan sanyi yana da zafi, nan take haƙora ke darewa. Ka bi ramukan kunne da bayan ido da rufin baki da waya, can nama ke maƙalewa.

Gidajen adana kayan tarihi sukan yi amfani da wasu ƙwari masu cin busasshen nama, aikinsu ya fi na kowa tsafta, amma kiwonsu bai dace da mai gyaran ƙoƙon kai guda ɗaya ba. Binnewa a ƙasa tana rina ƙashi, haƙora su ɓace, ɓeraye su gwaguyi gefuna. Ban ba ka shawararta ba.

Yanzu maiko. Ƙashi ba dutse ba ne, cike yake da ƙofofi da ɓargo, kuma kitsen da ke ciki a hankali yake tsattsafowa. Sa kan a ruwa mai ɗumi, digiri 40 zuwa 50, da sabulun wanke-wanke marar launi, domin mai launi yakan rina ƙashi. Na'urar ɗumama ruwan kifi tana taimakawa, ko baƙin bokiti a rana. Da ruwan ya yi gurɓi ko mai ya taso, ka sauya. Barewa da gada sukan ɗauki mako 2 zuwa 4. Gadu da sauran dangin alade maikonsu ya fi yawa, sukan ci wata 2 ko 3, wani lokaci fiye. Muƙamuƙin ƙasa yana da ɓargo, ka huda masa ƙananan kafofi ta ciki, inda ido ba ya gani, don ruwa ya ratsa.

Ga yadda za ka san ya isa. Ciro shi ka ɗauraye, ya bushe kwana 3 a inuwa, sannan ka ɗaga shi wajen haske. Duba ƙeya, da gindin ƙaho, da gaɓar muƙamuƙi. In ka ga wuri mai duhu-duhu ko rawaya, mai sheƙi kamar bai bushe ba, in ka shafa ka ji santsi, ko ka shinshina ka ji ƙarni, maiko ne, mayar da shi ruwa. Wanda ya yi taurin kai ana ƙara masa amoniya ta gida, kofi 1 a lita 4 na ruwa, ko a jiƙa busasshen kai a asiton, irin ruwan da ake goge jan farce da shi, cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, nesa da wuta, don asiton saurin kamawa gare shi kuma yana narkar da wasu robobi. Ka riƙe wannan da kyau: amoniya da bilic ba sa haɗuwa, iskar da suke fitarwa guba ce mai ƙona huhu.

Dalilin hana ka bilic kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙashi furotin ne mai suna kolajin, shi ke ɗaure ma'adinin ya ba shi ƙarfi. Bilic cin wannan furotin yake yi, kuma ba ya wankuwa duka daga ƙofofin ƙashi, sai ya ci gaba da ci. Kan zai yi fari a ranar, daga baya ya soma ɓarewa, ka shafa ka ga gari a yatsanka.

Abin da ake farantawa da shi shi ne haidurojin feroksaid. Mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, na wanke ciwo, ana nutsar da kai a ciki kwana 2 zuwa 5. Akwai mai kashi 12, wanda masu rinin gashi ke amfani da shi, da lamba 40 a jikin robar. In na ruwa ne, ka surka shi da ruwa daidai wa daida, ka jiƙa kwana 1 ko 2. In mai kauri ne, ka shafa da buroshi ciki da waje, ka naɗe da leda don kada ya bushe, ya yi awa 12 zuwa 24, ka wanke, ka maimaita in da buƙata. Mazubin ya zama na roba, domin ƙarfe yana kashe ƙarfin maganin ya bar tsatsa a ƙashi, tagulla kuma ta bar kore. Ka ajiye a duhu, haske yana lalata shi. Ɗora murfi kawai za ka yi, kada ka toshe, saboda iska yake fitarwa, rufaffen mazubi na iya fashewa. Sa safar hannu da tabarau, mai kashi 12 yana ƙona fata ya faranta ta, a ido kuwa haɗari ne babba. Kada ka yanke hukunci ƙashi yana jiƙe, sai ya bushe farinsa na gaskiya ke bayyana. Ni a ganina launin hauren giwa ya fi fari irin na alli kyau, kuma shi ne alamar ba a gallaza wa ƙashin ba.

Ɗauraye shi sosai, ya bushe a inuwa mai iska kamar mako guda. Rana mai zafi tana tsaga haƙora. Sai ka buɗe hoton nan ka mayar da kowane haƙori gurbinsa da ɗigon farin gam na katako, wanda in ka yi kuskure ruwa zai kwance shi. Kada ka wahalar da kanka neman haƙoran gaba na sama, barewa da danginta irin su gada da gwanki ba su da su, guda 8 ne kawai a gaban muƙamuƙin ƙasa. Hauren gadu kuma gindinsa rami ne, ka cika shi da narkakken kaki ko gam mai ƙarfi, in ba haka ba zai dare. Ƙahoni su koma na ƙarshe da ɗan gam a ciki, ka shafe bayansu da ɗan man inji mai tsabta marar launi, kaɗan ƙwarai, don kada ya gangaro kan ƙashi.

Kada ka shafa wa ƙashin fenti ko banish mai sa katako sheƙi, rawaya suke yi da tsufa. Gidajen tarihi suna amfani da wani irin gam marar launi mai suna Paraloid B-72, narke a asiton. In babu, farin gam ɗin nan surke da ruwa mai yawa, shafa ɗaya siririya, ya wadatar. Rubuta irin dabbar da ranar da wurin harbi da fensir a ƙarƙashin ƙoƙon. Wajen kafawa a allo, sukuru ya shiga ta bayan katako zuwa kaurin ƙashin gindin ƙoƙo, bayan ka fara huda masa ƙaramar kafa don kada ya tsage. Rataye shi nesa da hayaƙin girki da danshi da hasken taga. Lokaci-lokaci ka duba gindin ƙahoni, in ka ga gari ko ƙananan kafofi, ƙwari ne suka shiga: ƙulle kan a leda, ya yi mako guda a firiza, sannan ka bar shi ya huce a cikin ledar kafin ka buɗe.

Ka turo mini hotonsa bayan bushewar farko, kafin ka sa masa feroksaid, in duba maka maikon. Ka gaida mutanen gida.

Kawunka